Uwar Kwaɓin Alhaji Saleh

A gidanmu na unguwar Gwange akwai wata tukunyar ƙasa da ta fi ni gata. Ba don hassada na faɗa ba, ko da yake hassadar ma akwai 'yar kaɗan. A cikinta ake ajiye uwar kwaɓi, wato tsohon kwaɓin fulawa mai tsami wanda ake gutsura a zuba cikin sabo don burodi ya tashi. Sauran gidajen burodi na Maiduguri yis ɗin leda suke saye a kasuwa, su barbaɗa, su wuce wurin. Mahaifina Alhaji Saleh, wanda muke kira Abba, bai taɓa yarda da wannan ba. Kullum da safe shi da kansa yake buɗe tukunyar, ya ɗebi na aikin ranar, ya mayar mata da sabuwar fulawa da ruwa, ya juya da hannunsa, ya rufe da farin ƙyalle. Ma'aikatansa Hajiya suke kiranta, saboda an ce ta hanyar Makka ta zo.

Labarin zuwanta kuwa duk mai shayin da ke sarin burodi a wurinmu ya haddace shi, ko yana so ko ba ya so. Kakana Mikail makiyayi ne. Da ciwo ya ƙarar masa da shanu sai ya kama hanyar hajji da ƙafa. A kan hanyar dawowa ya tsaya a Omdurman ta ƙasar Sudan, ya yi aiki a wani gidan burodi, ranar da zai taho maigidan ya gutsura masa kwaɓi a cikin 'yar ƙwarya. Ya riƙa ciyar da shi a hanya har ya iso Maiduguri, ya gina tanderu a Gwange. Kafin ya rasu ya bar wa Abba wasiyya guda ɗaya a kan tukunyar: kada abin da ke cikinta ya fita daga gidan. Ba a sayarwa, ba a kyauta, ba a aro.

Ni tun ina ƙarama labarin nan yake yi mini ƙaiƙayi. Da wace fulawa kakan namu yake ciyar da kwaɓin a cikin dajin Chadi? A ina yake samun ruwan da zai ba ƙwarya alhali shi kansa yana fama da ƙishirwa? Duk lokacin da na tambaya, amsa ɗaya nake samu: "Yusra, tashi ki ba ni wuri." Mahaifiyata Hussainatu, wadda muke kira Ammi, takan yi murmushi kawai ta ci gaba da abin da take yi. Ta rasu shekara uku kafin abin da zan ba da labarinsa.

A watan Satumba na 2024 madatsar ruwan Alau ta ɓalle, ruwa ya shigo gari. Mun fita da kayan jikinmu, kamar kowa a unguwar. Abba ya juya zai koma ɗakin kwaɓi, ruwa ya riga ya kai ƙirji, samari suka riƙe shi ta ƙarfi suka tura shi cikin motar da ta kwashe mu. Da ruwa ya janye muka dawo, tanderun na nan tsaye, ya ɗan tsage ta gefe ɗaya kawai. Tukunyar kuwa a bakin ƙofa muka tsince ta, ta rabe biyu, cikinta laka da karan masara.

An kwashe laka, an shanya abin da zai shanyu, maƙwabta kowa ya fara lallaɓa rayuwarsa. Abba ya shimfiɗa tabarma a gindin bishiyar dogon yaro da ke ƙofar gida, ya zauna, zaman ya ƙi ƙarewa. Masu shayi suna zuwa tambaya, yana ce musu su nemi wani gidan. Yayana Hamid, wanda ke dillancin dabbobi a Kasuwar Shanu, ya sayo katon ɗin yis ya ajiye a gabansa. Abba bai ko dube shi ba.

"Ni burodi nake yi," in ji shi. "Ba kumbura fulawa nake yi ba."

Hamid ba mutum ne mai dogon lallashi ba. Ya ja ni gefe ya ce in Abba ya daina aikin, to a rushe tanderun a yi turken raguna a wurin, tun da fili ne babba a tsakiyar gari. Ya ma riga ya yi magana da magini. Abin da ya tayar mini da hankali shi ne da aka faɗa wa Abba, bai yi faɗa ba. Mutumin da yake ɗaga murya in yaro ya jingina keke da bangon tanderun, sai ya ce, "Ku yi yadda kuka ga dama." A ranar na tabbata in aka rushe tanderun nan, shi ma ba zai daɗe ba.

Ana cikin haka Malam Wilson ya zo jaje. Tsohon malamin tarihi ne, mutumin kudancin Borno, maƙwabcinmu na katanga ɗaya tun kafin a haife ni, har zuwa shekarun rikici da suka koma unguwar Galtimari shi da matarsa Mama Susanna. Lokacin da suke Gwange, kullum da hantsi sai ya zo sayen burodi ɗaya, ya tsaya gardama da Abba har burodin ya huce a hannunsa. Ya sauko daga keke Napep da sandarsa da wata baƙar leda, yana ta gaisuwar Barebari, "Wushe, wushe, Alhaji," ya zauna a kan tabarma ba tare da an ce masa bismillah ba. Su ma ruwan ya ci gidansu, ya ce, littattafansa duk sun zama kunu.

Na kawo shayi na zauna daga gefe, domin na san in mutanen nan biyu suka haɗu ba a rasa abin ji.

"Alhaji, ka san burodi ya girmi noma?" in ji Malam Wilson.

Abba ya sunkuyar da kai.

"Ba wasa nake ba. A hamadar ƙasar Jodan masu tono sun samu ɓurɓushin burodi da ya ƙone a wani tsohon murhu. Aka auna, ya kai shekara dubu goma sha huɗu. Lokacin ba wanda ya san shuka. Tsabar ciyawar daji suke tsinta, su daka, su kwaɓa, su gasa a wuta."

"To me ya ƙona shi?" Ni ce na tambaya, don abin da ya fara zo mini ke nan.

"Abin da ke ƙona na kowa, Yusra. Surutu a bakin murhu."

Na yi dariya. Abba ya ɗan motsa, amma bai ɗago ba. Malam Wilson ya kurɓi shayi ya ci gaba. Ya ce akwai labarin da ake yawan bayarwa, wai wata baiwa ce a ƙasar Masar ta manta kwaɓi a rana ta yi barci, da ta farka ta tarar ya kumbura, don tsoron duka ta gasa shi haka nan, daga ranar aka samu burodi mai tashi. Ya ce labarin na da daɗi, amma ba wanda ya ga baiwar, ba wanda ya san sunanta, mutane ne kawai ba sa son a ce musu ba a sani ba. Abin da aka tabbatar shi ne mutanen Masar ɗin sun ci burodi har ya cinye musu haƙora, saboda yashin da ke shiga gari wajen niƙa. Har sarakunansu, da aka duba gawarwakinsu, haƙoran sun zaizaye. Kuma an rubuta cewa da ƙafa suke tattaka kwaɓi.

"Ƙazamai," in ji Abba. Kalmar farko ke nan da ya furta.

Malam Wilson ya ji daɗi, ya gyara zama. Ya ce kafin a ƙirƙiro abin goge rubutun fensir, da tsakiyar burodi Turawa suke gogewa. Ya ce a da can farin burodi na masu hali ne, baƙi mai dusa na talaka, yanzu kuma likita ne ke tura mai hali ya nemi na dusa da tsada. Ya ce kuma masu cewa Bature ne ya kawo mana alkama ba su san komai ba, ana noman alkama a bakin Tafkin Chadi da kogin Yobe tun Bature bai san hanyar nan ba. Ni kam na manta da baƙin cikin da ake ciki, sai tambaya nake jefa masa. A nan ne ya yi kuskure, don ya ga kamar kasuwarsa ta buɗe.

"Saboda haka, Alhaji, kada ka kashe kanka a kan tukunya. Kullum kana ɗiban rabi ka zuba sabuwar fulawa. Kafin wata ya zagayo, me ya rage na Omdurman a ciki? Ko ƙwaya. Fulawar Maiduguri ce da ruwan Maiduguri. Ka kwaɓa sabo ka ajiye, in ya yi tsami ka ci gaba da aikinka."

Abba ya ɗago ya dube shi sosai.

"Ticha, kai ma kullum tuwo kake ci kana shan ruwa. Me ya rage a jikinka na ranar da aka haife ka? Amma in an tambaye ka ɗan wane ne kai, sunan ubanka kake faɗa, ba sunan mai sayar da dawa ba."

Malam Wilson ya kurɓe sauran shayinsa. Ni kam na rasa wanda zan bai wa gaskiya, don kowannensu na ga yana da ita. Jim kaɗan Malam Wilson ya miƙe, ya ajiye baƙar ledar a kan tabarma ya ce Mama Susanna ce ta ce a kawo, burodin da take gasawa ne a gida. Abba ya yi godiya a taƙaice. Da keken ya tafi ya tura mini ledar da bayan hannu, domin shi ba ya cin burodin kowa.

Ƙananan mulmule ne guda biyu, sun ɗan ƙone ta ƙasa, alamar a tukunya da yashi aka gasa su. Na shiga ciki na gutsuri ɗaya don kada a ce an raina kyauta. Ina sa shi a baki na tsaya cak. Akwai wani ɗan tsami da burodinmu yake da shi, wanda ba ya zuwa da farko sai an kusa haɗiyewa, ya biyo ta bayan harshe kamar na nonon da ya kwana. Da shi aka yaye ni. Na ci burodin gidaje da yawa a garin nan, har dogon nan na 'yan Chadi, ban taɓa jin sa a ko'ina ba. Ga shi a cikin burodin Mama Susanna. Na sake gutsura, na shinshina, na sake ci, har na cinye guda ɗaya a tsaye.

Washegari da hantsi na hau keke zuwa Galtimari. Layin nasu har lokacin katifu ne shanye a kan katanga, ga alamar ruwa a jikin bango ta wuce tsayin taga. Na samu Mama Susanna tana wanke kujeru a tsakar gida, gajeriyar mace mai ƙarfi, ta ɗaure ɗankwali tamau. Ta rungume ni, ta ce na rame, ta ce na yi kama da uwata, duk a numfashi ɗaya. Ban iya jira an gama gaisuwa ba.

"Mama, da me kike tayar da burodinki?"

Ta saki tsumman da ke hannunta cikin bokiti. "Babanki ne ya ci, ko ke?"

"Ni."

"Na sani. Taurin kai ba zai bar shi ba." Ta share hannu a zaninta. "Zo ki gani."

A saman kabad ɗin kicin akwai wani kwanon samira mai murfi, fentinsa duk ya ɓare. Ta sauko da shi ta buɗe. Kwaɓi ne fari yana ƙananan kumfa, ƙamshin ya bugi hancina, idona ya kawo ruwa ban shirya ba. Malam Wilson ya leƙo daga ɗaki ya ce ranar ruwa kowace mace a layin takardun makarantar 'ya'yanta ta ɗauka, tasa matar kuwa kwanon tsami ta ɗora a ka, ta bar masa littattafai a ƙasa. Shi duk shekarun nan ya ɗauka irin tsamin da matan garinsu ke ajiyewa ne.

Mama Susanna ta kore shi, ta zaunar da ni a kan turmi, ta ba ni labari. Tun tana amarya a Gwange aka ɗora mata gasa gurasar Jibin Ubangiji, wadda ake ci wajen ibada a cocinsu, kullum sai ta fito mata kamar dutse, mata suna yi mata dariya. Wata rana tana kuka a bayan katanga, Ammi ta miƙo mata ɗan gutsure a cikin murfin kwano ta saman katangar, ta koya mata yadda ake ciyar da shi, ta ce ko Malam Wilson kada ya ji.

"To ki ba ni yanzu, Mama," na ce, har na miƙe. "Hamid zai rushe tanderun."

"Ba zan ba ki ba."

Na ɗauka wasa take. Ta mayar da murfi ta ɗora kwanon a inda ta ɗauko shi.

"Uwarki ta bar mini sharaɗi. Ba zan ba kowa ba sai shi, kuma sai ya tako da ƙafarsa. Ba aike, ba waya."

Raina ya ɓaci ƙwarai. Na ce mata mutumin nan ko gidan 'yan'uwansa ba ya zuwa sai an yi rasuwa, tun da suka bar Gwange bai taɓa taka Galtimari ba, yanzu kuma ko masallacin Juma'a sai an ja shi. Ta ce ta san duk wannan, wadda ta sa sharaɗin ma ta fi mu sani. Na fito ina ƙunƙuni, ina cewa a zuciyata tsofaffin nan duk kansu ɗaya, kowa da wasiyyar da yake riƙe da ita kamar za ta ba shi abinci.

A hanya na yi ta juya yadda zan faɗa wa Abba cewa matarsa ta karya wasiyyar ubansa. Ban samu hanya ba. Da na isa gida na tarar magini ya zo yana zagaya tanderun yana ƙwanƙwasa bango, Abba na kan tabarmarsa ya juya masa baya. Sai kawai na shiga ciki na ɗauko ragowar mulmulen na durƙusa a gabansa.

"Abba, don Allah ka ɗanɗana. Ba don ci ba. Ina so ka gaya mini abin da ke ciki."

Ya harare ni. Amma tambaya ce ta sana'a, kuma bai taɓa iya ƙyale irinta ba. Ya karɓa, ya matsa shi da yatsa ya ga yadda ya dawo, ya ɓare, ya duba ramukan ciki, ya kai hanci. Na ga hannunsa ya tsaya. Ya gutsuri kaɗan ya tauna a hankali, idonsa a rufe. Da ya buɗe su ba murna na gani ba.

"Wa ya sata?"

"Abba..."

"Na ce wa ya sata! Garzali ne, ko? Tun ranar da na kori yaron nan na san hannunsa ba shi da tsarki. Sayar mata ya yi!" Ya miƙe tsaye da sauri irin wanda ban ga ya yi ba tun kafin ruwa. "Ɗauko mini hulata. Kai kuma," ya juya ga magini, "in ka sake taɓa bangon nan kafin in dawo, ni da kai ne."

Ban gyara masa zato ba. Garzali, tsohon ma'aikacinsa, ya yafe mini, amma na ga fushin nan shi kaɗai ne zai kai Abba Galtimari, na bar shi da abinsa. A cikin keke sai huci yake yi, yana riƙe da guntun burodin a hannu kamar mai zuwa kotu da shaida.

Malam Wilson ya fito da murna yana "Lale, lale, yau Alhaji a gidana!" Abba ya amsa sallama a gajarce, ya ƙi zama. Mama Susanna ta fito daga kicin, ta gaishe shi cikin ladabi, ta tsaya.

"Maman Godwin," in ji Abba, don da sunan ɗanta na fari yake kiranta, "shekara da shekaru muna katanga ɗaya, ban taɓa jin abin ƙi daga gare ki ba. Ki gaya mini gaskiya. Wa ya sayar miki da kwaɓin gidana?"

"Ba wanda ya sayar mini, Alhaji. Hussainatu ce ta ba ni."

Abba ya girgiza kai. Ya ce ba zai yiwu ba, Hussainatu ta san wasiyyar, a gabanta aka yi.

"Ta sani. Ta ba ni duk da haka, tun kafin a haifi Hamid. Kuma tun da ka zo da ƙafarka, sauran ma zan faɗa maka, don ta ce in faɗa. Ka tuna shekarar da ka je hajji, ka bar ta da tsohon ciki?"

"Na tuna."

"Ka bar mata tukunya ka ce ta kula. Naƙuda ta zo da gardama, aka kwantar da ita a asibiti, wannan yarinyar ta ƙi fitowa." Ta nuna ni da haɓa. "Lokacin tsananin zafi ne, ma'aikata kuma ka hana su taɓa tukunyar. Da aka sallame ta ta buɗe, abin ya yi baƙi, ya yi gashi, wari kamar mushe. Ta zo bakin katanga da jaririya a hannu, ko tsayuwa ba ta iya yi sosai. Na raba nawa biyu na miƙa mata. Ta wanke tukunyar ta zuba. Ka dawo daga Makka ka buɗe, ka shinshina, ka ce masha Allah, Hajiya ta yi kewarka."

Malam Wilson ya zauna a kan kujerar da ba ta bushe ba, bai ma lura ba. Ni kuwa lissafi nake a zuciya: ashe duk burodin da na ci a rayuwata daga kwanon samirar nan ya fito, kuma ni ce sanadin mutuwar na farkon.

"Ba ta taɓa gaya mini ba," in ji Abba. Muryarsa ta yi ƙasa.

"Ta ce in ta gaya maka za ka yi fushi da ita mako guda, ka yi fushi da kanka shekara goma. Bayan mun dawo nan, duk bayan Sallah sai ta zo ta ce ziyara, amma kicin take fara shiga ta buɗe kwano ta ga ko ina kula da shi. Zuwanta na ƙarshe, jikin ya riga ya yi nauyi, ta ce mini, 'Susanna, abin da aka ajiye a wuri ɗaya wata rana zai ɓace. In ranar ta zo ba na nan, kada ki aika masa. Ki bari ya zo. Mutumin nan ya manta yana da mutane.'"

Ta shiga ta fito da kwanon, ta buɗe ta miƙa masa. Ya karɓa da hannu biyu. Ya daɗe yana kallo, sannan ya nemi ruwa ya wanke hannu, ya sa yatsa ya ɗago kwaɓin ya ga yadda yake zuba.

"Kin cika masa ruwa," ya ce.

"Ka gyara naka. Nawa haka yake so."

Ta kawo ƙaramar roba za ta raba biyu daidai, ya tsayar da ita. Ya ɗebi kaɗan, abin da bai fi cikin tafin hannu ba, ya ce wannan ya isa, sauran ya zauna inda yake. Ya rufe robar, ya juyo gare ni ba tare da ya haɗa ido da ni ba.

"Kira Hamid. Ki ce ya sallami maginin, ko ya sa shi ya liƙe tsagar nan. A nemo busasshen itace da buhun fulawa."

Na fito da waya. Abba ya gyara hularsa, ya yi godiya, ya nufi ƙofa da robar a ƙirji. Har ya kai zaure ya tsaya, ya juyo.

"Ta ce wani abu kuma?"

"Ta ce." Mama Susanna ta riga ta jawo tabarma tana shimfiɗawa a inuwa. "Ta ce ranar da ka zo, kada in bar ka ka fita sai ka ci abinci. Ta ce in abu ya dame ka daina ci kake yi, ka ce wa yara ka ƙoshi, su kuma su yarda."

Na tsaya da waya a kunne, Hamid yana ta "Hello, hello" ban amsa ba. Tun da muka dawo gida ni nake kai masa kwano, ni nake ɗauke shi, kullum yana ce mini ya ci a waje, kuma ban taɓa tambayar a wane wajen ba.

Abba ya dawo a hankali. Ya cire takalmansa, ya zauna a kan tabarmar, ya ajiye robar kusa da gwiwarsa. Mama Susanna ta kawo tuwon dawa da miyar kuka ta ajiye a gabansa. Ya yi bismillah, ya yanki loma ta farko, hawaye na bin gemunsa, bai share ba, ya ci gaba da ci.